Kun Koma Sabon Wuri? Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Zaɓa wa Yaro Firamare a Anka, Gummi da Bukkuyum

Sauya mazauni ya zama ruwan dare a yammacin Zamfara. Akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Gusau zuwa Gummi. Akwai ɗan kasuwar da ciniki ya ja ya tare a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas. Mafi yawa kuwa su ne waɗanda 'yan bindiga suka tilasta wa barin ƙauyukansu, suka shigo garin Anka ko Bukkuyum da 'yan komatsansu a ka. Hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun raba dubban mutane da gidajensu, ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024 ita ma ta yi nata. Ko mene ne dalilin tashin, da zarar an sami inda za a sa haƙarƙari sai tambaya ta taso: ina yara za su yi karatu?

A nan iyaye kan yi ɗaya daga cikin kurakurai biyu. Wasu su tura yaro inda 'ya'yan maƙwabta ke zuwa, ba tare da sun taɓa leƙa makarantar ba. Wasu kuma su ce a dakata tukuna, "ai ba daɗewa za mu yi ba, sai mun koma gida." Zango ya wuce, shekara ta zagayo, yaron da ya bar aji biyu ya wayi gari ya girme wa ajinsa, kunya ta hana shi komawa.

Zaɓen makaranta bai da wuya idan an san abin da ake nema. Abu uku ne ginshiƙi: yaro ya je ya dawo lafiya kullum, ya tarar da malami a aji, kuma karatun ya zauna masa. Sauran abubuwa duk bayan waɗannan suke.

Karatun firamare haƙƙi ne, ba alfarma ba

A garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce kowane yaro a Najeriya zai yi karatun shekara tara kyauta kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Ta kuma tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira 10,000, ko ɗaurin wata uku, ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta saɓanin doka.

Abin da wannan ke nufi ga baƙo shi ne, makarantar gwamnati ta garin da ya sauka tasa ce. Dokar ba ta ce sai ɗan asalin gari ba, ba ta ware ɗan gudun hijira ba. Yaron da ya fito daga Gwashi ko Adabka yana da haƙƙin zama a ajin firamaren cikin Bukkuyum daidai da wanda aka yanke wa cibiya a nan. Wanda ya baro Wuya ko Bagega haka yake a Anka.

Yana da kyau a san masu riƙe da ragamar. Hedimasta ne shugaban makaranta. Sama da shi akwai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, wanda malamai ke kira ES, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan uku tana da nata. Sama da su akwai Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha a Gusau, sai ta tarayya a Abuja, wato UBEC. Idan aka ce maka babu gurbi, kada ka juya kawai ka tafi gida. Ka nemi mai unguwa ya raka ka ofishin Sakataren Ilimi.

Ba a ɓoye yake ba cewa makarantu da dama na karɓar ɗan abin da aka amince a taron iyaye da malamai, na alli ko na takardun jarrabawa ko gyaran benci. Ka tambayi nawa ne, wa ya yanke, kuma ka karɓi rasit. Abin da bai halatta ba shi ne a kori yaro daga aji saboda ubansa bai biya ba.

Hanya kafin komai

A wasu wuraren ana fara zaɓen makaranta da tambayar sakamakon jarrabawa. A yankinmu da hanya ake farawa. Ba wanda ya manta da daren 26 ga Fabrairun 2021, lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, maƙwabciyar Anka. Ranar 1 ga Satumban shekarar aka sake ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu na tsawon watanni. Waɗannan makarantun sakandare ne, amma darasin ya shafi kowa.

Saboda haka ka taka hanyar da ƙafarka, daga ƙofar gidanka har ƙofar aji, a daidai lokacin da yara ke tafiya. Ka lura ko ta ratsa cikin mutane ne ko ta bi bayan gari da gonakin dawa, inda ba a hango yaro idan amfani ya yi tsawo. Ka duba ko sai an tsallaka kwalta mai yawan motoci da babura. Ka auna nisan da ƙafar ɗan shekara shida, ba da taka ba. Tafiyar da babba zai yi cikin minti goma sha biyar tana iya cin rabin awar yaro, ga rana, ga yunwa a dawowa.

Sai maganar ruwa. Yankin nan ƙasar gulabe ce, ga Gulbin Zamfara, ga Gulbin Ka, ga ƙoramu masu cika cikin awa guda. Makarantar da kake zuwa a busasshiyar ƙasa a watan Maris tana iya komawa tsallaken ruwa a Agusta da Satumba, daidai lokacin da ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Mutanen Gummi sun san abin da kifewar kwale-kwale ta jawo musu a Satumban 2024. Ka tambayi tsofaffin unguwa yadda hanyar take da damina. Makarantar da sai an shiga jirgi ko an ratsa ƙorama, a bar ta ko da ta fi kowace suna.

A cikin makarantar ma akwai abin tambaya. Tana da katanga ko shinge? Akwai maigadi? Idan aka ji ƙishin-ƙishin na tashin hankali, yaya ake sallamar yara, wa ke sanar da iyaye? Najeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a 2021, don haka wannan tambaya ba shisshigi ba ce. Hedimastan da ya san aikinsa yana da amsa a bakinsa, kuma zai ba ka lambar wayarsa ba tare da ka roƙa ba.

Ka je ka gani, ba tare da sanarwa ba

Gani ya kori ji. A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, kuma an ga gyare-gyaren gine-gine a wurare. Gyaran gini abu ne mai kyau, sai dai fenti ba ya koyarwa. Abin da kake son gani shi ne abin da ke faruwa a cikin aji.

Ka je sau biyu. Na farko da sassafe, wajen ƙarfe takwas, ka ga ko malamai sun iso kafin yara ko yara ne ke jiran malamai. Na biyu bayan an dawo daga tara, domin a makarantu da yawa daga tara sai tashi, yara su watse ba mai tambaya. Idan so samu ne, ɗaya daga cikin zuwan ya faɗo ranar kasuwar garin, ranar da ake gane makarantar da ke da tsari.

Ka gaisa da hedimasta cikin girmamawa, sannan ka tambaya: "Allah gafarta Malam, malamai nawa gare ku a rubuce, nawa kuma suka shigo yau?" Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu za ta gaya maka abubuwa da yawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, irin wadda ake samu a Kwalejin Ilimi ta Maru. A garuruwan da suka cika da 'yan gudun hijira da wuya ka sami wannan adadi. Amma akwai bambanci tsakanin aji mai yara sittin da malami tsaye a gaban allo, da aji mai yara talatin da babban ɗalibi riƙe da tsumagiya yana tsaron su.

Ka nemi izini ka tsaya bakin tagar wani aji na ɗan lokaci. Dubi allo: akwai kwanan watan yau, ko rubutun makon jiya ne bai gogu ba? Karɓi littafin rubutun yaro guda ka buɗe. Idan ka ga shafuka cike da aiki, da jan biro na malami, da kwanan wata yana bin juna, ana aiki. Idan ka tarar da shafi uku kacal a tsakiyar zango, ko rubutu ba gyara ko ɗaya, ka san inda aka kwana. Uwa ko uban da bai yi boko ba ma yana iya wannan binciken, domin jan biro ba ya buƙatar fassara.

Gwajin minti biyar

Babbar matsalar ilimi a yau ita ce yara na zuwa makaranta amma ba su iya karatu ba. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Don haka kasancewar yaro a aji huɗu ba hujja ba ce.

Ga hanya mai sauƙi. Ka sami ɗan maƙwabcinka da ke aji uku ko huɗu a makarantar da kake tunani. Ka rubuta masa jimla biyu da bai taɓa gani ba, misali: "Binta ta tafi rijiya da guga. Ta tarar da awaki uku suna shan ruwa." Ka ce ya karanta, sannan ka tambaye shi awaki nawa ne, me Binta ta riƙe. Bayan haka ka nuna masa kalmomin daga ƙarshe zuwa farko. Yaron da ya saba da bin bakin malami a amshi tare zai tsaya cak a nan, wanda ya san baƙi da wasali kuwa zai wuce. Sai ka ƙara da lissafi: an ba ka naira 500 ka sayo sabulun 350, nawa ne canji? Ka gwada yara biyu ko uku, kada ka yanke hukunci da guda.

Da Hausa ya kamata a yi gwajin. Yaron da ya iya karanta harshen da yake magana da shi ya fi saurin kama Turanci daga baya. A kan wannan fahimta aka gina shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa, wanda UNICEF ta tallafa wa a makarantun Zamfara da Katsina. Ka tambaya ko akwai malaman da suka sami irin wannan horo, ko akwai littattafan karatun Hausa a ƙananan azuzuwa. Yaron da ke rera gaisuwar Turanci da haddar sunayen jihohi yana burge iyaye, amma wannan ba shi ne iya karatu ba.

Ƙasa, ruwa da makewayi

Akwai abin da iyayen Anka da Bukkuyum za su duba wanda na wasu wurare ba su damu da shi ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, ta Bagega a 2013. Sai dai haƙar zinare ba ta tsaya ba, kuma a Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa a jihar tun 2019.

Dalma ba ta da wari, ba a ganinta a cikin ƙura. Yaro kan haɗiye ta idan ya yi wasa a ƙasa ya ci abinci bai wanke hannu ba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta da natsuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da za a ce ba shi da illa a jikin yaro. Saboda haka ka zagaya makarantar. Idan akwai injin niƙa dutse, ko wurin wankin zinare, ko inda ake shanya garin dutse kusa da filin wasa, ka nemi wata. Idan kuma ɗanka ya tashi a irin waɗannan ƙauyuka kuma ka ga karatu na yi masa nauyi, ka sanar da malaminsa, ka kai shi asibiti a duba. Duka ba zai gyara abin da guba ta taɓa ba.

Ka duba ruwan sha: fanfon burtsatse yana aiki, ko yara na fita neman ruwa a gidajen mutane? Ka leƙa makewayi da kanka, ka ga ko na mata daban yake, ko yana da ƙofa. Rashin makewayi na daga cikin abubuwan da ke sa 'yan matan aji biyar da shida su fara fashi, daga fashi kuma sai a daina zuwa gaba ɗaya. Idan 'ya mace za ka sa, ka tambaya ko akwai malamai mata. Kasancewar malama ko ɗaya tana kwantar da hankalin uwa da 'ya.

Ta gwamnati, ta kuɗi, ko Islamiyya?

A manyan garuruwan nan uku za ka sami makarantun gwamnati, da na kuɗi, da Islamiyyun da suka haɗa boko da addini. Ba wadda aka ce ita ce mafi kyau a ko'ina. Mizanin ɗaya ne ga duka: hanya, malami, karatu.

Idan ta kuɗi ce, ka tambayi shaidar amincewar gwamnati ka gan ta da idonka. Ka sa a lissafa maka kuɗin shekara gaba ɗaya, zango uku, haɗe da yunifom, littattafai, jarrabawa da bikin ƙarshen shekara. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya biya a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Yaron da ake kora kowane zango saboda bashi ya fi asara a kan wanda ya zauna lafiya a makarantar gwamnati mai malamai masu zuwa. Ka kuma bincika ko malamai na daɗewa, domin inda albashi bai taka kara ya karya ba, yaro kan ga sabuwar fuska kowane zango.

Game da karatun addini, ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Gidaje da yawa sun daɗe da tsarin allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da yamma. Abin lura shi ne lokutan kada su ci karo, yaro kuma ya sami abin kari da ɗan hutu. Iyalan makiyaya su tambayi Sakataren Ilimi ko akwai makarantar 'ya'yan makiyaya kusa. Tun 1989 aka kafa hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan makarantu, hedikwatarta na Kaduna.

Takardu da ajin da za a sa yaro

Idan tashin na shiri ne, ka karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamakon zangon ƙarshe daga tsohon hedimasta. Ka haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin rigakafi. Idan kuwa gudu aka yi, takardu suka ƙone ko suka salwanta, kada wannan ya tsayar da kai. Ka faɗa wa hedimasta gaskiya, mai unguwa ya shaide ka, a karɓi yaro, a nemi takardun daga baya. Ka tabbata an rubuta sunansa a rajista, da sunan uba yadda kake son ya bi shi har sakandare. Saɓanin suna da shekarun haihuwa kan zama ciwon kai lokacin manyan jarrabawa.

Shekara shida ake shiga aji ɗaya. Ga yaron da ya yi shekara ɗaya ko biyu a gida, ka bari malamai su gwada shi su sa shi inda zai iya. Iyaye kan matsa a sa yaro aji biyar domin sa'o'insa na can, alhali bai iya haɗa baƙi ba. Maimaita aji guda yanzu ya fi a kai shi sakandare bai iya rubuta sunansa ba. Kuma kada a jira Satumba. Ko a tsakiyar zango aka sauka, a je a yi magana.

Idan yaro na da larurar ji, gani ko tafiya, ka faɗa tun ranar farko, a zaunar da shi gaba. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa yana iya zama shiru-shiru, ko mai firgita, ko mai faɗa. Ka sanar da malamin ajinsa a keɓe, domin ya bi shi a hankali.

Ka kuma hangi gaba. Ka tambaya ina 'yan aji shida na bara suka tafi, nawa suka wuce ƙaramar sakandare. Akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Anka, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawar da hukumar NECO ke shirya wa 'yan aji shida. Ka ji ko makarantar na yi wa ɗalibanta rajistar wannan jarrabawa da ta jiha.

Bayan an sa yaro

Aikin bai ƙare da sayen yunifom ba. An tsara kowace makarantar gwamnati ta kasance da kwamitin al'umma mai sa ido, wanda ake kira SBMC, mai ƙunshe da hedimasta, wakilan iyaye, malamai, mata, masu sarauta da malaman addini. Wasu makarantun suna da ƙungiyar iyaye mata. Ka tambayi wa ke shugabanta, yaushe suka yi zama na ƙarshe. Baƙunta ba ta hana ka halarta ba, kuma a nan ake kai kukan malamin da ba ya zuwa ko rufin da iska ta yaye, kafin a wuce ofishin Sakataren Ilimi.

A gida kuma, kowace yamma ka ce yaro ya nuna maka abin da aka yi yau. A rage masa talla da aike a lokacin makaranta, haka ma zuwa gona ranakun karatu. Bayan zango ɗaya ka sake yi masa gwajin Binta da awaki da wasu jimloli daban. Idan ya matsa gaba, ka gode wa malaminsa baki da baki. Idan bai motsa ba, ka koma wurin hedimasta ku tattauna, in ta kama a sauya makaranta a sauya.

Kira ga iyaye, musamman waɗanda tsautsayi ya raba da garuruwansu: ba wanda ya san ranar komawa gida sai Allah, amma shekarun yaro ba sa jira. A wannan makon ku taka zuwa makarantu biyu mafi kusa da ku, ku gaisa da hedimasta, ku leƙa aji, ku buɗe littafin yaro guda. Wadda ta fi cika sharuɗɗan nan uku, ku kai yaranku, maza da mata, a rubuta sunansu. Masu unguwanni da limamai kuma su taimaka wajen nuna wa baƙi hanya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa zuri'armu albarka.